Tabon Shayi a Kundi na Tara

Waheguru Ji Ka Khalsa, Waheguru Ji Ki Fateh.

Shugaban kwamitin wannan gurdwara, ɗakin ibadarmu, Kawu Nachattar Singh; Gyani Joga Singh, mai karanta mana kalmar Guru safe da yamma; sakatare da sauran 'yan kwamiti; iyayena mata da ke zaune a ɓangaren nan, waɗanda na san gwiwoyinsu sun fara kuka da zaman ƙasa; iyayena maza da yayyena; matasanmu da ke can baya jingine da bango kuna leƙen waya, ku ɗago kai, don yau maganar taku ce; jama'ar Guru baki ɗaya, ina gaishe ku da girmamawa.

Ina gode wa kwamiti da ya ba ni minti biyar, ina kuma neman afuwa tun yanzu, domin zan wuce su. Ina gode wa 'yan'uwana mata na langar, kicin ɗin da muke ciyar da jama'a, da suka karɓe mini aikin gurasa yau, suka ce in wanke hannu in hau in faɗi abin da na dame su da shi mako biyu. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Amarjit Kaur, 'yar marigayi Ajaib Singh. Shekara ashirin da biyu ina murza gurasa a kicin ɗin ƙasa, ban taɓa tsayawa gaban wannan taro ba, kuma da an bar ni lafiya da yau ma ban tsaya ba.

Jama'a, a ɗakin sama akwai kwalaye bakwai lulluɓe da farin ƙyalle. Ranar Asabar motar da ke zagayawa tana karɓar littattafan ibada da suka tsufa za ta zo ta kwashe su, a kai su a miƙa wa wuta cikin addu'a, kamar yadda muke yi wa mamatanmu. Wannan al'ada tamu ce, kuma ba ni da ja a kanta. Littafin addu'ar mahaifiyata, da shafukansa suka ruɓe har ba a iya juya su, ni da hannuna na miƙa shi ina hawaye. Amma a cikin huɗu daga kwalayen nan an zuba kundaye ashirin da uku da mahaifina ya rubuta da Turanci, haɗe da littattafan Turanci kan tarihinmu da addininmu da ya tara tsawon rayuwarsa. Da na sauka za a ce ku ɗaga hannu, a ƙone ko a bari. Na zo ne in ce ban yarda ba, in kuma gaya muku dalili.

Na farko, ku san wanda ya rubuta su, ku san abin da ya sa shi rubutawa. Mahaifina shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar yanka katako ta bakin kogi, a can ya bar yatsu biyu na hannun dama. Turancinsa na wurin aiki ne, na ɗaga nan, ajiye can. Wata rana 'yata Manreet, tana da shekara goma sha uku, ta dawo daga makaranta da wani littafin Turanci da wani baƙo ya rubuta a kanmu, wanda a cikinsa aka ce addininmu guntattaki ne da aka tsinto daga addinan maƙwabta aka harhaɗa, mu kuma mutane ne da ba mu san komai ba sai takobi. Ta tambayi kakanta ko haka ne. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Panjabi mai daɗi har kusan awa guda, da ya gama ta ce, "Kaka, ka yi haƙuri, rabi ban gane ba." Bayan kwana uku, tsohon nan ya fita ya dawo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta da ƙaton ƙamus.

Mahaifiyata ta dube shi ta ce, "Ikon Ubangiji! Kai da ko wurin likita sai Amarjit ta raka ka, kai ne za ka rubuta Turanci?"

Ya ce, "Waɗanda suka rubuta tarihinmu, Panjabin suka iya? Su ba su ji kunya ba sai ni?"

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan aiki da yatsu uku. A shafin hagu ya rubuta baitin Guru da rubutunmu na Gurmukhi, a shafin dama ya kawo ma'anarsa da Turanci, a ƙasa kuma ya zayyana tarihin da ke bayan baitin, da abin da malamanmu suka ce, da inda shi kansa ya rasa kalmar da ta dace ya rubuta cewa ya rasa. Ya sayi littattafan malaman jami'a, namu da na waje, ya karanta su da ƙamus a gefe. Wanda ya yi adalci ya yaba masa, wanda ya yi mana ƙage ya ba shi amsa shafi da shafi. Wannan shi ne abin da ke kwance cikin kwali yana jiran Asabar.

Na biyu, an ce Turanci ba zai iya ɗaukar kalmar Guru ba. Gaskiya ne, ba zai iya ɗaukarta duka ba, kuma mahaifina ne ya fara faɗin haka a shafin farko na kundi na ɗaya. Babu wanda ya ce a ɗora kundayen nan a kan gadon Guru inda littafinmu mai tsarki yake, babu wanda ya ce a yi musu sujada. Amma bari in yi tambaya, a ba ni amsa tsakani da Ubangiji. Duk wanda bai kai shekara talatin ba a ɗakin nan, kuma ya fahimci karatun da Gyani ya yi mana da safen nan, ya ɗaga hannu. To, ga su nan. Huɗu. Gyani, ba laifinka ba ne, karatunka babu na biyunsa, amma kai ma ka ƙirga.

'Ya'yanmu da Turanci suke mafarki, da Turanci suke faɗa, da Turanci suke neman aure. Ko mun so ko mun ƙi, za su karanta labarin addininsu da Turanci. Abin da ya rage a hannunmu shi ne wa za su karanta. Idan muka ƙone namu, na wasu ba zai ƙone tare da shi ba, yana nan jere a laburaren birni da na jami'a, mai kyau da marar kyau, kuma marar kyan ya fi saurin zuwa hannun yaro. Kakanninmu an sare kawunansu ba su saki wannan kalma ba, mu kuma za mu bar ta ta suɓuce wa jikokinmu saboda muna ƙyamar harshen da mu da kanmu muka kawo su cikinsa? Haba jama'a! Su suka sayi tikitin jirgin?

Kuma kada wani ya ce ina ɗora laifi a kan kwamiti ni ina wanke kaina. Da mahaifina ya rasu shekara biyar da suka wuce ya bar wa gurdwara kundayen nan, aka ce tun da akwai baitocin Guru a ciki dole a girmama su. Aka naɗe su cikin siliki, aka ɗora a saman kabad mai gilashi, aka kulle, makullin kuma yana aljihun sakatare, wanda duk lokacin sanyi yana Panjab wata huɗu. Wa ya ɗinka silikin? Ni ce. Har da zare mai ruwan zinari na yi masa baki, ina jin na yi wa Baba abin kirki. Shekara biyar babu yaron da ya buɗe ko shafi ɗaya, kuma da hannuna aka yi haka. Ina jin kunyar wannan, ina jin zafinsa, shi ya sa ba zan sake yin shiru ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni cin abinci tun da na ga takardar kwamiti. Takardar ta ce kundayen sun yi dauɗa, an wulaƙanta su, har akwai tabon shayi a kan shafin baitin Guru a kundi na tara, don haka abin da ya rage musu na mutunci shi ne wuta. Na sami Kawu Nachattar a langar na roƙe shi ya duba da idonsa. Ya ce mini, "'Yata, ba zan iya kallon shayi a kan kalmar Guru ba. Sakatare ya gani, ya ishe ni." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Kawu abokin mahaifina ne tun suna ɗaukar katako tare, shi ya riƙe ni ranar aurena, kuma duk ɗakin nan babu wanda ya fi shi sanin ma'anar baiti. Kawu, ka gafarce ni, zan karya alkawarin da na ɗaukar wa mahaifina, a gaban jama'a, domin ka ƙi saurarona a keɓe.

Tabon nan na ɗanka ne. Na Jagroop ne.

Kowa a nan ya san Jagroop ya aske gashinsa, abin da addininmu ya hana, yana da shekara goma sha tara, ya san shi da mahaifinsa sun yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su, ya san tirela yake tuƙawa tsakanin nan da birnin Calgary. Abin da ba ku sani ba shi ne, wata rana ya kawo buhunan fulawa langar ya tarar da mahaifina a kusurwa yana rubutu, ya tsaya yana leƙe ta bayansa har ya manta da motarsa a bakin ƙofa. Daga ranar yake aron kundayen ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa a wuraren da direbobi ke hutawa. Ranar da ya dawo da na tara ina gidan. Ƙato mai shekara talatin da huɗu ya ce, "Baba, na yi ɓarna. Kofin shayi ya suɓuce mini a kan shafin."

Mahaifina ya ce, "Karatu kake yi ya zube, ko gyangyaɗi?"

Ya ce, "Karatu, Baba. Na ma manta yana hannuna."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai yaro, ka ba ni takardar shaidar da jami'a ba ta ba ni ba." Ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan Jagroop da kwanan wata a gefen tabon. Da sakatare ya ƙara duban shafin kaɗan da ya gani.

Jagroop ya roƙe mu kada mu gaya wa mahaifinsa. Ya ce, "Idan na gama na ashirin da uku, da kaina zan je gabansa da rawani a kaina. So nake in ga fuskarsa." Ya kai na goma sha huɗu. Sauran kun sani: dusar ƙanƙara, hanyar duwatsu, haɗarin da ya ɗauke shi, shekara shida ke nan. Abokin aikinsa ne ya kawo mana kundin daga cikin motar, mahaifina kuma ya ce mu bar maganar, kada mu ƙara wa Kawu ciwo. Na yi biyayya, kuma yau na gane kuskure muka yi.

Ga abin da nake nema. A fitar da kundayen nan da littattafan nan daga kwali, a cire silikin da na ɗinka, a jera su a inda hannun yaro zai kai. Wanda zai karanta ya wanke hannu, ya rufe kai, ya zauna ya karanta, in ya so ya ara ya tafi da shi gida. Wuta ta littafin da ya gama aikinsa ce, waɗannan kuwa ko farawa ba su yi ba. Idan kuma kuka ɗaga hannu kuka ce a ƙone, to ina sanar da ku tun yanzu, ranar Asabar za ku same ni zaune a bakin matattakala, sai dai a ɗauke ni tare da kwalayen.

Kuma da safen nan na hau sama ba da izinin kowa ba, na ɗauko na tara da na goma sha huɗu. Ga su nan a hannuna. Na yi laifi, na sani. Ku yanke mini goge takalman jama'a wata guda ko shekara, na karɓa da hannu biyu. Amma kafin a ɗaga hannu zan sauka in ajiye su a gabanka, Kawu. A shafin ƙarshe da Jagroop ya karanta, inda mahaifina ya amsa cewa ya rasa kalmar Turancin da ta dace da baitin, ɗanka ya rubuta da fensir a gefe: "Wannan ban gane ba. Zan tambayi Babana."

Kawu, baitin yana nan a shafin hagu da rubutun da ka fi kowa iya karantawa. Tambayar shekara shida tana jiranka. Wanda ya yi ta ya tafi, amma ga irinsa can baya jingine da bango, kuma ka ga sun ajiye wayoyinsu. In za ka miƙa shafin nan ga wuta, ka miƙa da hannunka, bayan ka karanta.

Waheguru, Ubangijinmu, ya ba mahaifina da Jagroop masauki a wurinsa. Ya sanyaya zuciyar Kawu, ya yafe mini in na fama masa ciwo. Ya ba kwamiti basira, ya ƙara wa Gyani lafiya da murya, ya tsare direbobinmu a kan hanyoyin duwatsu, ya sa 'ya'yanmu su ji kalmar Guru ta shiga kunnensu ta kowane harshe ta zo. Ya yi wa kowa da kowa alheri, namu da wanda ba namu ba.

Na gode.