Shekara Biyar, Minti Ɗaya

A bencin ƙofar zauren taro na jami'a, wani ɗalibi rungume da kundin bincikensa ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Ɗan nan, ka fito ba a tashi ba. Me baƙon ya ce?"

"Mama, ya gama da ni. Shekara biyar ina haɗa manhajar da za ta saurari magana ta rubuta. Yau ya ɗaga wayarsa gaban kowa, ya yi magana, ta rubuta tsaf. Kyauta ma ake samunta."

"To ka kama wani binciken mana."

"Ina! In kwamiti ya amince da take, ko wasali ba a taɓawa. Sa hannunsu kaɗai shekara biyu ya ci. Jibi zan tsaya in kare abin da ya riga ya mutu."

"Ita wayar, ba ta kuskure?"

"Da wuya."

"Har waƙafi take sawa?"

"Har aya. Ɗanki na ciki ne?"

"A'a. Ni ce mai shagon buga takardu na bakin ƙofa. Shekara ashirin da uku ina buga wa ɗalibai kundi. Bana ƙafa ta ɗauke, shi ne na zo in ji dalili."

Ɗalibin ya sunkuyar da kai.

"Ashe da ka yi nasara, kai za ka rufe min shago."

"Wallahi Mama ban taɓa kawo haka a raina ba."

"Bari kawai. Kawo kundin in gyara maka shafukan. Wata biyu ke nan ban taɓa na kowa ba."