Dalilin Jinkirin Baba Mode

A bencin jira na ƙofar wata kotu a Sakkwato, Malama Laraba ta muskuta ta ba wani tsoho wuri, Mode sunansa, yana rungume da takardu.

"Baba, ƙarar me ka kawo?"

"Tsare ni anka yi wata huɗu, ba laifi ba shari'a. Shekara tara ke nan. Yau alƙali na son jin abin da ya hana ni zuwa da wuri."

"Shekara tara! Tsoro ne?"

"Tsoron mi? Wanda ya sa anka kulle ni, uwarshi ta goye ni a Ƙofar Kware, tun gari bai kai Mabera ba. Akushi guda munka ci ni da shi. In kai ɗanta ƙara tana da rai? Bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. To, ka faɗa wa alƙali haka, wataƙila ya karɓa."

Mode ya shafa takardun, ya girgiza kai.

"A karanta sunan Inna gaban mutane cikin rigima? Ce mishi za ni yi mantuwa ce."

"Ai za a kori ƙarar, Baba!"

"A kore ta, Malama. Na ci tuwonta."