Muryar Ladan Ta Dawo

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan ke da masu sauraro kuna lafiya.

Ni ne Malam Habu, ladanin masallacin unguwarmu a Dutsi. Na daɗe ina fama da ciwon suga. Bara sai muryata ta dushe, ko da lasifika ba a jin kiran sallata. Ga kasala, ga ƙiba, ga jin sanyi a tsakiyar bazara. Liman ya ce, "Malam Habu, zuma ce maganin murya." Jama'a suka yi ta aiko mini da ita, ina sha, suga yana hawa. Har na fara shirin ajiye ladanci.

Da na je asibiti a Dutsi, likita ta taɓa wuyana, ta sa aka gwada jinina. Ta ce akwai wata 'yar halitta a gaban maƙogwaro, suna kiranta tayirod, tawa ta rage aiki. Ta ce wannan ciwon da ciwon suga irin na manya sukan haɗu a jikin mutum, ɗaya yana dagula ɗaya. Ta ɗora ni a kan ƙwaya guda kowace safiya, ta hana ni zuma.

Masu suga, in kun ji irin wannan, ku je a duba ku.

Alhamdu lillahi, jiya da na kira la'asar, Iya Hajjo ta can ƙarshen unguwa ta aiko wai in sassauta, na firgita mata awaki. A gaishe mini da ita da Liman. Zumarsa kuwa, jikokina sun gode.