Ruwan da Baba Kosi Ya Zuba a Ƙafata

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsince ni a bakin hanya.

Sunana Illa. Da yawanku kun san ni, ni ne mai ɗingishin nan da ke sauke kaya a tashar motoci. Ban yi karatu ba, ban iya dogon zance ba. Zan faɗi abin da ya same ni in zauna.

A nan Agadas aka haife ni, cikin tsohon gari. Tun ina saurayi nake bin ayarin gishiri zuwa Bilma, ina jan raƙuman wani. Duk wanda ya ratsa hamadar Tenere ya san doka: ruwan salka na maƙogwaro ne. Ba a wanka da shi, ba a wanke ciwo da shi. In ka ji rauni, ka ɗebi rairayi mai zafi ka zuba, ka ɗaure, ka ci gaba da tafiya. Rana za ta busar. Haka na ga manya suna yi, haka na yi, kuma yana warkewa.

Wata muguwar shekara raƙuman maigidana suka ƙare. Na bi masu zuwa Kurmi neman aiki, na gangara har bakin teku.

A can akwai wata doguwar hanya mai bin gefen teku. Ta taso daga Abijan, ta bi ta Akara, ta ratsa Lome da Kwatano, ta shige Ikko. Tsofaffin wurin sun ce da can turba ce ta masunta da mata masu tallan kifi. Nasara suka zo, kowa ya zuba jar ƙasa a yankinsa ya tsaya a iyakarsa. Inda kogi ya faɗa teku sai hanya ta yanke, a hau jirgin fito. A Gana mota hagu take bi, da ta ƙetara Togo sai ta koma dama. Mu aka ɗauka mu shimfiɗa mata gudron, baƙin abin nan da ake narkawa a ganga.

Ina wannan aiki aka sauke tutar nasara a Togo aka ɗaga sabuwa. Ba a daɗe ba wani matuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya ce mini, "Kai ɗan Nijar, ku ma kun samu ƴanci." Na ce to. Ba ni da wanda zan yi murna da shi.

Ran nan bakin ganga ya yanke ni a ƙwauri. Ɗan ciwo ne. Na gangara bakin ruwa na ɗebi rairayi na zuba, na ɗaure da tsumma. Ashe rairayin can ba irin namu ba ne. Ba ya bushewa, kuma duk ƙazantar gari a cikinsa take. Ciwon ya kumbura, na ƙara rairayi. Ya fashe, na ƙara. Ya zama gyambo, har ana hangen ƙashi.

Ƴan'uwa, teku a damana, tafki a haguna, sama na zubowa kamar da bakin ƙwarya, amma ban taɓa zuba wa ciwon nan ruwa ba! Hannuna ba ya yarda. In na ɗebo ruwa, sha nake yi.

Shugaban aiki ya sallame ni. Na je gidan likita, wani ya duba daga nesa ya ce sai an yanke ƙafar. Na fita ban waiwaya ba. Ɗan ayari ba ƙafa, me ya rage? Da me zan koma gida?

Mutanen zango a Lome sun ba ni tabarma da abinci, ba na zarginsu. Amma na ga suna jan rawani kan hanci in na matso. Na tashi tun ba a ce in tashi ba. Na kama hanyar da na shimfiɗa da hannuna, na nufi Kwatano, inda hanyar arewa ta rabu.

Motoci na wucewa. Wanda ya tsaya, da ya ji wari sai ya ja motarsa. A Tenere shiru ne, amma akwai wanda zai ce maka "Illa, ja akala." A nan ga mutane cike da hanya, ba mai kiran sunana. Na daɗe ban buɗe baki da kowa ba. Har na fara magana da raƙuman maigidana da suka mutu, ina kiransu ɗaya ɗaya. Teku kuma ba ya yin shiru ko kaɗan.

Wata rana da hantsi ƙafa ta ƙi. Na kwanta ƙarƙashin itatuwan kwakwa, kusa da wani ƙauyen masunta a ƙasar Dahome. Na ce nan ne ƙarshe.

Sai na ji murya a kaina, da Hausa: "Sannu, ɗan raƙumi. Me ya kawo ka gidan kifi?"

Na zaci zazzaɓi ne. Na buɗe ido na ga wani tsoho gajere, ɗaure da zane. Sunansa Kosi. Ya yi shekaru yana dafa wa wani nasara abinci a Damagaram, can ya koyi harshenmu. Rawanina ya gani ya gane ni. Ya tambayi sunana, na faɗa masa.

Ya tsuguna ya kwance tsumman. Bai toshe hanci ba.

Ya ce, "Wa ya zuba maka ƙasa a nan?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Gero za ka shuka a ciki?"

Ya kira masunta suka kai ni bukkarsa. Ya tafasa ruwan rijiya cikin babbar tukunya, ya jefa gishiri, ya bar shi ya huce. Ya ɗaga tukunyar zai kwarara mini a ƙafa, sai na cafke hannunsa.

Na ce, "Baba, kada ka ɓarnatar! Wannan ruwan sha ne."

Ya yi dariya har ya yi tari. Da ya ga da gaske nake, sai ya daina. Ya ce, "Ɗana, sake ni." Na ƙi. Ya ajiye tukunyar, ya durƙusa, hannuna na riƙe da nasa. Ya ce, "Yesu, ga Illa, daga ƙasar ƙishirwa ya fito. Ba shi da kowa a nan sai kai. Ka bar masa ƙafarsa ya koma gida da ita."

Tunda na bar Agadas ba wanda ya roƙa mini komai da sunana. Yatsuna suka saki da kansu. Ya zuba ruwan duka. Duka, ƴan'uwa! Na yi kuka, ba na zafin gishiri ba.

Safe da yamma haka yake yi. Ya sa aka kai ni wurin wata mai jinya ta mishan, ta yi mini allurai. Rairayi ya fita, wari ya tafi, jan nama ya fara cikowa. Yana wankewa yana ba ni labarin yadda Yesu ya ɗauki ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa. Na ce, "Shi maigidan da kansa?" Ya ce, "Da kansa." Na ce, "To, zan bi shi." A tafkin bayan ƙauyen aka yi mini baftisma.

Da na iya takawa, Baba Kosi ya raka ni Kwatano ya sa ni a kamiyon arewa. Ya ce, "In ka isa, gaishe mini da raƙuma." Tun ranar ban sake jin labarinsa ba. Tsoho ne sosai. Allah ya sani.

Ga ƙafar, ku duba. Tabo ne, ina ɗingishi, amma tawa ce, da ita na shigo ƙofar gari. Yabo ga Ubangiji!

Ba zan ɓoye muku ba, dawowa ba ta zo da daɗi ba, don an ji na bi Yesu. Yayata Tamo tana aiko mini da abinci, amma ba ta shiga ɗakina. Abokan ayari daga nesa suke ɗaga hannu. In na koma daga tasha, ɗakin shiru yake. Sai dai yanzu ba da matattun raƙuma nake magana ba. Akwai mai ji.

Ku da kuka zo daga Dahome da Togo kuna aiki a nan, na san yadda garinmu yake a idonku, don na ga naku. Ku dogara ga Yesu, ya san sunan baƙo. Ina gode masa da ya aiko mini da tsohon nan.

In kun ga baƙo ya sauka daga mota da ciwo, ku turo shi wurina. Ina da tukunya, ina da gishirin Bilma. Ruwa na da tsada a garin nan, na sani. Zan zuba duka.

Amin.