Dattawan Gindin Hawa da Kekena

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Nafi'u, daga Kazaure.

Bana na gama jami'a, na samu koyarwa a wata makaranta a yankin Roni, kuma da keke nake zuwa. Akwai wani dogon hawa a hanyar, sai an taho da gudu ake haye shi. To, daidai gindinsa dattawa suke zama a inuwar tsamiya.

Ranar farko na gaishe su daga kan keke. Wani abokin babana ya ce, "Ɗan Malam Idi, digirin ne ya hana ka sauka?" Kafin yamma maganar ta isa gida.

Washegari na sauka, na durƙusa, muka gaisa. Na tura keken har sama, na makara. Hedimasta ya ce in na sake, zai nemi wani.

Na koma fitowa da sassafe, sai na tarar dattawan sun fito daga masallaci. Yanzu har koko suke zaunar da ni in sha.

Don Allah masu sauraro, yaya zan yi? Baba, in kana ji, wallahi ina sauka.