Tabarau Ya Rage a Gida

A ɗakin jira na asibiti, wani tsohon magatakarda ya lura matar da ke gefensa ta riƙe takardar rajista a juye.

"Baba, na manta tabarauna," in ji ta. "Idan ban cike ba, ba za a duba ni yau ba."

"Kawo, 'yar nan. Ke ce ta huɗu da ta manta tabarau tun safe."

"Kai ma likita ka zo gani?"

"Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Shekara talatin ina rubutu a ofis, hannun ne ya ƙi hutawa. Wa za a kira idan da buƙata?"

"'Yata. Rubuta malamar makaranta ce."

"Ai ba su tambayi sana'arta ba."

"Ka dai rubuta. Da sayar da gawayi na karantar da ita, ni da ban san ko harafi ɗaya ba."

Sai ta sunkuyar da kai. Tsohon bai ɗago ba. Ya rubuta sana'ar 'yar da manyan baƙaƙe a saman takardar.

"Ga shi. Wannan ne likita zai fara karantawa, kafin ma ya kai ga sunanki."