Bulalar Gardi Ƙarƙashin Turmi

Isufu: Alo, barikin Madawa. Isufu tafinta na. Wa ka magana?

Jaratu: Salamu alaikum! Isufu! Kai na cikin baƙin ƙarhen ga?

Isufu: Inna? Mi ya kawo ki gidan wayar Buza? Ina kwana? Rage murya, ina jin ki.

Jaratu: Lahiya lau. Ina gajiya? Ina matarka Fatsima da goyo?

Isufu: Lahiya suke. Ina mutanen Karofane? Ina ruwa?

Jaratu: Ruwa sun yi gyara. Ƙanwarka Zaliha ta ba lahiya.

Isufu: Masassara?

Jaratu: Bulala. Gardi na, dogarin bariki da kunka aiko awon hatsin rumbun tsimi na gwamnati. Ta ce a bar mata na iri, ya zane ta bakin rumbu, da cikinta wata bakwai.

Isufu: Innalillahi! Zaliha ta? Takardar da ta iso "wata mace" ta ce. Wai mata sun yi ma gardi taron dangi.

Jaratu: Ƙarya! Kewaye shi munka yi da taɓare, ba wadda ta taɓa shi. Munka amshe bulala, munka kihe turmi bisanta. Kwana ukku duk turamen gari kihe suke. Ba daka, ba hura. Maza sun hana dokinshi rijiya, liman ya naɗe tabarmar gardin.

Isufu: Kumandan ya... Alo? Inna?

Jaratu: Abin ga kuka yakai kamar gyare. Mi ka ce?

Isufu: Kumandan, Nasaran bariki, na son sunan wadda ta amshe bulala. In babu, jibi gardi goma za su taho.

Jaratu: Rubuta Karofane.

Isufu: Ba a kulle gari, Inna. Suna guda yaka so, kuma ni ka rubutawa. In ban kai ba, aikina ya tahi.

Jaratu: Shi mai dukan, ka rubuta nashi?

Isufu: Ba a tambaye ni ba.

Jaratu: To. Mu mata arba'in munka taho da ƙahwa, ga su nan bakin ƙohwa, maza na bayansu. Ɗauki alƙalaminka. Rubuta Jaratu, uwar tafinta. In na koma ni ka zama bisa turmin, kuma ba ni tashi sai an kawo gardin gaban Zaliha. Ka karanta ma kumandan da bakin da na shayar.

Isufu: Inna, don Allah, tsaya ki ji...

Jaratu: Bilal mai waya! Taho amshi ƙarhenka, na gama.